WWE 2K24 a kan bencin gidan gem: abin da ya gada, abin da ya ƙara, da abin da ba namu ba

Kawuna yana da ɗan gidan gem a unguwar Yelwa, nan Garwa. Talabijin huɗu ne a jere jikin bango, kowace da PlayStation 4 a ƙarƙashinta da benci a gabanta. Uku na ƙwallo ne tun safe har dare. Ta huɗun, wadda ke bakin ƙofa, ita ce ta kach, wato kokawar Turawa da 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce wa resilin. Shi kawu bai taɓa riƙe manet ba, wato abin dannawar da ake buga gem da shi, nasa lissafi ne da sayen mai a janareta. Da yara suka matsa masa ya sayo WWE 2K24, gem mai ɗauke da 'yan wasan WWE, babban kamfanin kach na Amurka, sai ya aika aka kira ni.

"Ɗana, wanda ke cikin na'urar nan ba na kach ba ne?"

Na ce, "Shi ne, kawu. 2K23 ke nan."

"To wannan sabon fa, mutanen ciki ne suka canja, ko dukan ne ya canja? Ko kuwa suna kawai aka sauya wa tuwo?"

Tambayar tana da nauyi fiye da yadda ya zata. Farashin da aka sa wa faifan PS4 ranar fitowarsa dala 60 ne na Amurka, wato ya haura sefa 35,000, kafin ma a ɗora kuɗin hanya da ribar ɗan kasuwa. Mutumin da ke tara kuɗinsa da sulalla daga hannun 'yan makaranta yana da haƙƙin a ba shi amsa ta gaskiya. Na ɗauki makonni ina buga wasan a wajen wani abokina kafin na koma masa, kuma abin da na gano shi ne wasa biyu ne aka haɗa a faifai guda. Akwai wanda ake bugawa mutum huɗu a benci ɗaya ba tare da intanet ba, wannan ya yi kyau ƙwarai. Akwai kuma wanda aka gina don mai intanet marar yankewa da katin banki, wannan kuwa ba don mu aka yi shi ba.

Kafin a shiga faifan, sai an fahimci matsalar da ke damun duk wani gem na kach tun asali. A kokawarmu ta gargajiya, da zarar an kai mutum ƙasa magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka, a yi kirari. Kach ba haka yake ba. An riga an tsara wanda zai ci kafin a hau dandamali, mutanen biyu kuma taimakon juna suke yi: wanda ake ɗagawa yana ba da jikinsa, wanda ake duka yana nuna zafin ya fi yadda yake. Gwanintar tana cikin labarin, a wahalar da gwarzo har 'yan kallo su fid da rai, sannan ya miƙe. Raunin da suke ji na gaske ne, amma sakamakon rubutacce ne. Shi kuwa mai riƙe da manet ba ya son rubutaccen sakamako, so yake ya ci abokinsa da hannunsa. Don haka kowane gem na kach yana tsaka mai wuya: in ya zama faɗa zalla, ya daina kama da kach, in ya zama kallo zalla, manet ba ta da amfani. Da wannan ma'auni nake auna 2K24.

Sai kuma tarihin gidan da ya fito. Kamfanin Yuke's na Japan ne ya fara wannan jerin a shekarar 2000 da WWF SmackDown! a kan PlayStation ta farko, lokacin ana ce wa WWE ɗin WWF. Duk wanda ya yi ƙuruciya a gidajen gem na Garwa ko Marwa ko Kuseri a zamanin PS2 ya san Here Comes the Pain na 2003, mai hoton Brock Lesnar a bango. Har yau akwai masu cewa ba a sake yin kamarsa ba, kuma ban ga laifinsu ba, don saurinsa da sauƙin koyonsa sun dace da mai kuɗin minti goma a aljihu. THQ, kamfanin da ke fitar da wasannin, ya karye a ƙarshen 2012, sai 2K ya karɓi lasisin, aka fara sa sunansa daga WWE 2K14. A 2019 Yuke's ya bar aikin, Visual Concepts na Kalifoniya, masu yin NBA 2K, suka ɗauka su kaɗai. Abin da ya biyo baya shi ne WWE 2K20, a watan Oktoban 2019: 'yan wasa suna nutsewa cikin dandamali, fuskoki suna narkewa, igiyoyi suna naɗe ƙafafu. Ranar 1 ga Janairun 2020 ma wasu sassan wasan suka riƙa mutuwa saboda kawai kwanan wata ya shiga sabuwar shekara. Kunyar ta kai aka soke 2K21 ɗungurungum. Sai a Maris na 2022 aka dawo da 2K22 mai hoton Rey Mysterio, an sake ginin yadda ake faɗan daga tushe. 2K23 mai John Cena ya ɗora a kai, ya kawo WarGames, dandamali biyu cikin keji guda. 2K24, wanda ya fito ranar 8 ga Maris 2024 da Cody Rhodes a bangon faifan, shi ne hawa na uku a kan wannan harsashi.

Ke nan amsar farko ga kawu ita ce dukan bai canja ba. Wanda ya iya 2K23 zai ɗauki manet ya ci gaba kamar bai tashi ba. Madannin murabba'i na ƙaramin bugu, X na babban bugu, da'ira ta kama mutum, alwatika ta juya hari. In abokin karawa ya fara jero maka duka, za ka iya katse shi in ka canki madannin da zai danna na gaba ka riga shi. Wannan cankar ita ce ran wasan a benci, domin ba na'ura kake karanta ba, ɗan'uwanka kake karanta. Yaron da kullum yake bin ƙaramin bugu biyu da kamu, kwana uku ya isa kowa ya gane shi, dole ya sake salo. Ban ɗauki rashin canjin nan a matsayin aibu ba. Bayan abin da ya faru a 2019, kyan ɗa ya gaji ubansa in uban na kirki ne.

Abin da aka ƙara a dandamali ƙanana ne, amma ana jin su. Yanzu ana iya jifa da makami, ka ɗauki kujerar ƙarfe ka wurga wa wanda ke tahowa daga nesa. Ana iya tsalle daga saman igiya a faɗa kan taron mutane a waje, ba mutum ɗaya kaɗai ba. Wanda ya yi haƙuri ya tara bugun gamawa uku yana iya kashe su gaba ɗaya a kan wani gagarumin bugu da wuya a tashi bayansa, kuma wannan ya kawo lissafi: ka yi amfani da wanda ke hannunka yanzu, ko ka jira alhali ana iya danne ka kafin ka tara? Alƙalan wasan ma yanzu na gaske ne da ake gani a talabijin, irin su Charles Robinson da Jessika Carr.

Akwai ƙari guda da ban gamsu da shi ba, musayar naushi. Ana cikin faɗa sai wasan ya tsaya, mutanen biyu su fuskanci juna, kowa ya riƙe madanni ya saki daidai inda aka yi alama, ana karɓa-karɓa har wani ya kuskure. Na san abin da ake so a kwaikwaya, lokacin nan da manyan 'yan kach ke tsayawa tsakiyar dandamali wannan ya kai naushi wancan ya rama, jama'a na amsawa da ihu. A talabijin abin yana tayar da tsigar jiki saboda yana zuwa a ƙarshen doguwar wahala. A gem yana iya faɗowa a lokacin da bai dace ba, ya katse wa mutum hanzari, ya mai da idonsa kan wata 'yar da'ira maimakon kan abokin faɗansa. Karo na farko da na biyu yana da daɗi. Daga nan yara sukan yi tsaki in ya fito.

Inda 2K24 ya ci kuɗinsa shi ne sababbin nau'o'in karawa guda huɗu, kuma a cikinsu akwai wanda na ɗauka shi ne mafi kyawun abin da aka ƙara wa jerin nan cikin shekaru: baƙon alƙali. Mutum biyu suna faɗa, na uku yana riƙe da manet a matsayin alƙalin wasa. Shi ke ƙirga ɗaya, biyu, uku in an danne mutum, kuma yana da ikon ya yi sauri ko ya ja ƙafa. Shi ke duba ko wanda aka murɗe ya sallama. Yana iya kau da kai a yi duka da kujera, yana iya ma sa hannu a faɗan. Sai dai akwai wani ma'auni da ke raguwa duk lokacin da ya yi son kai, in ya ƙare a kore shi a kawo wani alƙalin. Ana iya kashe ma'aunin in an ga dama, a bar alƙali ya yi yadda yake so.

Dalilin da ya sa na fifita shi shi ne ya warware matsalar nan da na faɗa tun farko. Faɗan na gaske ne tsakanin mutum biyu, amma na ukun ya shigo da abin da ya sa kach ya zama kach, wato makirci da cin amana da labari. Na ga yaro ya roƙi yayansa, "Yaya, don Allah ka ƙirga da gaskiya," yayan ya rantse, sannan da lokacin ya zo ya tsaya a kan biyu ya miƙe yana gyara riga. Benci ya kaure, masu buga ƙwallo a talabijin na gefe suka ajiye manet suka juyo. Babu marubucin kamfani da ya tsara wannan, sanin da ke tsakanin wa da ƙani ne ya haife shi. Ga mai gidan gem kuma akwai wata riba a fili: wanda da yake zaune yana jiran layi, yanzu yana cikin wasan, kuma PS4 tana ɗaukar manet har huɗu.

Karawar motar asibiti ita ma ta karɓu. Ba a cin ta da danne mutum, sai an jefa shi bayan motar an rufe ƙofofin biyu, shi kuma yana turjewa. Ana hawa saman motar a yi faɗa a can, a jeho mutum ƙasa. Ta akwatin gawa, wadda aka san The Undertaker da ita, kusan tsarinsu ɗaya, sai dai filinta ya fi ƙunci kuma ta fi saurin gundura. A wajenmu ma akwai wani abu daban: na ga manyan samari da suka ce su ba za su yi wasa da siffar mutuwa ba, kuma kawu da kansa, da ya ga ana rufe mutum a akwati, cewa ya yi a canja. Ban yi masa musu ba. Ta huɗun ita ce ta jerin gwano, inda ake shigowa ɗaya bayan ɗaya har mutum 30, ta dace da ranar da benci ya cika.

Ba a rasa tsofaffin cututtuka ba. In mutane suka yi yawa a dandamali, juya hankalin ɗan wasanka zuwa wanda kake nufi yana ba da wahala, sai ka kai wa abokin tafiyarka duka ko ka kama alƙali. Dogon gashi har yanzu yana ratsa kafaɗa kamar ba jiki a wurin. Tsani da tebur sukan yi tsalle su kaɗai in an taɓa su ta gefen da ba a zata ba. Masu sharhi, Michael Cole da Corey Graves da Byron Saxton, suna maimaita jimloli har a haddace su, kuma da Ingilishi suke yi, ko da an mai da rubutun allon zuwa Faransanci. Waɗannan ba su kai su ɓata wasa ba, amma shekara uku a jere ana ganin su, kuma wanda ya sake biyan kuɗi yana da damar ya tambaya me ya hana a gyara.

Sashen da aka fi tallatawa shi ne Showcase, wanda a wannan karon aka keɓe don cikar WrestleMania 40, wato babban bikin kach da WWE ke yi kowace shekara. An fara bikin ne ranar 31 ga Maris 1985 a Madison Square Garden da ke birnin New York. An zaɓo karawa 21 daga tarihinsa: Hulk Hogan da André the Giant a 1987, Ricky Steamboat da Randy Savage a daren guda, karawar tsani ta Razor Ramon da Shawn Michaels a 1994, Bret Hart da Steve Austin a 1997, Austin da The Rock a 2001, Undertaker da Michaels a 2009, har zuwa Roman Reigns da Cody Rhodes a 2023. Dabarar da aka yi ita ce kana cikin bugawa sai hoton gem ya narke ya koma ainihin bidiyon ranar, sannan ya dawo hannunka. Ganin farko abin burgewa ne, kuma ga yaron da aka haifa bayan 2010 makaranta ce, don a nan zai ga dalilin da ya sa iyayensa ke ambaton waɗannan sunaye.

Amma a nan ne ma'aunin ya karkata gaba ɗaya zuwa kallo. Ba a bar ka ka yi faɗa yadda kake so ba, jerin umarni ake ba ka: kai shi kusurwa kaza, yi masa kamu kaza, fitar da shi waje ta gefe kaza. Kana cikawa sai a karɓe manet daga hannunka a sa maka bidiyo, wani lokaci mai tsawo, kuma galibi lokacin da ya fi daɗi a karawar shi ne wanda ba kai ke bugawa ba. In aka yi rashin sa'a aka danne ka dab da ƙarshe, ko aka ɗauke wuta, abin da mu a nan ba baƙonmu ba ne, sai ka koma farko. An cire muryoyin masu sharhin asali an sa kiɗa da bayanin Corey Graves, alhali rabin abin da ke sa tsohuwar karawa ta rayu shi ne ihun mai sharhin ranar. Fuskoki da yawa a bidiyon an dusashe su, har ka ga mutum tsaye a dandamali ba fuska. A gidan gem da ake biya da minti, ba wanda zai sayi lokaci don ya zauna yana kallo. Matsalar ita ce akwai 'yan wasa da filaye da ba sa buɗewa sai an bi ta nan, don haka dole wani ya zauna ya yi wa gidan wannan aikin.

Tarihin da aka bayar ma mai giɓi ne, kuma dalilin kasuwanci ne. Daren Daniel Bryan na WrestleMania 30 a 2014, wanda yana cikin mafi girma a tarihin bikin, babu shi, domin mutumin ya koma kamfanin hamayya na AEW tun 2021. Haka Edge, wanda ya bi shi can a Oktoban 2023, haka Chris Jericho. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aka tsallake nasarar Kofi Kingston, haifaffen Gana, wanda ya ɗauki kambun WWE a WrestleMania 35 a 2019. Da Bryan ya kara a daren, don haka karawar ta bi ruwa tare da shi. Ga mai kallo daga Afirka, a ba da labarin WrestleMania 40 a tsallake wannan dare ba ƙaramin rashi ba ne. Kofi kansa yana cikin 'yan wasan da ake zaɓa, haka Omos haifaffen Legas da Apollo Crews mai tushen Najeriya, kuma an sa Muhammad Ali, wanda ya yi baƙon alƙali a WrestleMania ta farko. Yaranmu suna ɗaukar Omos saboda tsayinsa, manya kuma Ali.

Sai batun Brock Lesnar, wanda shi aka fi tambayata a kai. A Janairun 2024 wata tsohuwar ma'aikaciyar WWE ta shigar da ƙara a kan Vince McMahon, wanda ya daɗe yana jagorantar kamfanin, bisa zarge-zarge masu muni, ya musanta, ya kuma sauka daga muƙaminsa. Rahotannin jaridu suka danganta sunan Lesnar da abin da ke cikin ƙarar. Wasan yana dab da fitowa, sai aka cire su biyun daga jerin waɗanda ake zaɓa. Ana ganin Lesnar a Showcase, amma ba za ka ɗauke shi ka kara da abokinka ba. A garin da mutane suka san gem ɗin kach ta hanyar faifan 2003 mai hotonsa, wannan giɓi ne da ake lura da shi tun ranar farko.

Wannan ya kai mu ga wata cuta da ke jikin duk gem mai fita shekara-shekara: kach yana gudu, faifai yana tsaye. CM Punk ya dawo WWE a ƙarshen Nuwamban 2023, an makara a sa shi, sai a watan Mayun 2024 aka fitar da shi a matsayin ƙarin da ake saya daban. Wata guda bayan fitowar wasan, ranar 7 ga Afrilu 2024 a Filadelfiya, Cody Rhodes ya kayar da Roman Reigns ya kawo ƙarshen riƙon kambu na kwana 1,316, faifan kuma yana nan da duniyar da ta gabata. Ana gyara irin wannan da sabuntawa ta intanet, sabuntawar kuma giga-giga ce. Mai sayen data da kuɗin yini ya san abin da wannan ke nufi.

A nan ne wasa na biyun da na ambata yake. MyFaction sashe ne na tara katunan 'yan wasa, ana samun su da yawan bugawa ko a saye su da kuɗin cikin gem, wanda shi kuma da kuɗin gaske ake sayensa. Ka sayi ƙunshin kati ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe. Ni wannan ya yi mini kama da caca, kuma ba na son ganin sa a gaban yara. Da a ce an killace shi a gefe, da sai a ce wanda ba ya so ya wuce. Amma a 2K24 an ɓoye wasu siffofin 'yan wasa a cikin katunan, ba za ka same su a sauran sassan ba sai ka bi ta MyFaction, shi kuma ba ya aiki sai da intanet. Wato akwai abin da ke cikin wasan da ka saya da kuɗinka, amma mabuɗinsa yana hannun wani.

Mafi kyawun abin da intanet ke bayarwa shi ne rumbun ƙirƙirar jama'a, inda mutane daga ko'ina suke ɗora 'yan wasan da suka zana, a sauke kyauta. Ta nan ake cike giɓin Lesnar da na waɗanda suka koma AEW, ta nan ake samun sababbin tufafi. Kayan zanen suna da faɗi sosai. Mu ma mun zauna mun haɗa wani ƙato mai wando kore da ja da rawaya da tauraro a tsakiya, muka rataya masa abin da ya fi kama da laya a dantse, ya zama ɗan gida. Amma rumbun yana kan saba ta kamfani, wato babbar kwamfutar da ake haɗuwa da ita ta intanet, kamfanin kuma yana rufe ta. An kashe ta 2K22 a farkon Janairun 2024, wasan bai cika shekara biyu ba. An kashe ta 2K23 a ƙarshen Satumban 2024, wata 18 da 'yan kwanaki bayan fitowarsa. Mu kuwa faifai yakan iso hannunmu ne bayan ya yi shekara, lokacin da farashinsa ya sauko ko wani ya kawo na hannu daga Duwala ko ta kan iyakar Najeriya. Kafin mu fara, an kusa rufewa. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma duk abin da ke bayan intanet a wasan nan aro ne.

Sauran sassan ba sa buƙatar dogon bayani. MyGM, inda kake zama manajan shiri kana ɗaukar 'yan wasa da tsara karawa da kasafin kuɗi, ya ƙaru da musayar 'yan wasa tsakanin shirye-shirye da masu farautar sababbin hannu, kuma ana yin sa da abokai a na'ura ɗaya. Yana da daɗi ga mai na'urarsa a ɗaki, ba ga mai haya ba. MyRise labari biyu ne, na namiji da ya gaji kambun da Roman Reigns ya ajiye ya tafi Hollywood, da na mace da ta baro ƙaramin kamfaninta ta shigo WWE. Rubutun ya fi na baya, sai dai magana ta yi yawa, allon jira kuma ya fi ta yawa.

Allon jiran nan ba ƙaramin abu ba ne a PS4. An gina wasan da PS5 a rai, tsohuwar na'ura tana ɗaukarsa ne da ƙyar. Tsakanin zaɓen 'yan wasa da fara faɗa ana jira, in an bar shigowar kowane ɗan wasa da kiɗansa a ƙara jira, shi ya sa yara ke tsallake shigowar duk da tana cikin abin da aka fi ƙawatawa. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, fankar na'urar tana kuka kamar za ta tashi, musamman in mutum takwas suna dandamali. Wanda ya biyo bayansa, WWE 2K25 mai hoton Roman Reigns, ya fito a Maris na 2025, kuma ya nuna inda aka dosa: babban sabon sashensa, The Island, na intanet ne zalla, cike da shagunan sayen tufafi da kuɗin gem, kuma babu shi sam a faifan PS4.

Da na koma wajen kawu, ban kawo masa duk wannan ba. Na ce masa dukan bai canja ba, mutanen ciki sun ɗan canja, amma akwai alƙali da motar asibiti, kuma su biyun za su riƙe benci. Na ce kada ya sayi sabo a leda, kada ya sayi bugu mai tsada mai ƙarin kati, kada kuma ya haɗa na'urar da intanet sai ranar da za a sauke gyara.

"To wancan tsohon fa, in sayar?"

"A'a kawu, bar shi. Akwai Lesnar a ciki."

Ya samu na hannu bayan wata biyu. Ni na zauna dare uku bayan an rufe gida na bi Showcase har ƙarshe don a buɗe tsofaffin 'yan wasa, janareta na aiki saboda kada a koma farko. Ya sayo manet ta uku da ta huɗu ya ajiye a talabijin ta bakin ƙofa, ya kuma kafa doka da kansa: alƙali rabin kuɗi zai biya, kuma ba a ba wa da ƙani alƙalancin karawar juna sai in abokin faɗan ya yarda.